Sifikokin da anka binne cikin bangon falonmu

Assalamu alaikum admin da sauran 'yan uwa na wanga zaure. A ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kuma in kun ga kuskure cikin rubutun ku yi haƙuri.

Shekaranjiya bayan azahar ina yayyafa ruwa ga bangon falonmu, sai na ji wani abu cikin tafin hannuna kamar kiyashi na tafiya ƙarƙashin fata. Na duba ban ga komi ba. Da ina da wayo da nan na tsaya, amma sai na ce ko hannun ne ya mutu, don tun da cikina ya shiga wata bakwai nakan ji haka. Na sake tsoma tsumma cikin bokiti na kai shi ga ragar ƙarfen da ta rufe sifika zan goge ta, ƙafata ba takalmi, siminti a jiƙe. Ban san lokacin da anka kawo wuta ba. Abin da na sani kawai wani abu ya kama ni tun daga hannu har haƙora, na kasa saki na kasa kuwwa, sai gani na yi ina zaune ƙasa bokitin ya kife a kaina.

Bari in koma baya kaɗan don ku gane. Muna zaune Wurno, maigidana noman rani shike yi, albasa da shinkafa. Mutum ne mai son ƙwallo, kuma tun da munka yi aure ya ce ya bar zuwa gidan kallo, nashi zai haɗa a gida. Ya taɓa gani gidan wani a Sakkwato an sa sifikoki cikin bango, ba ka ganin komi sai raga, sauti na fitowa ko'ina. Bana da albasa ta yi kyau sai ya ce lokaci ya yi. Wani mai shagon kayan sauti can Sakkwato ya turo hotuna ta waya, shi kuma ya miƙo mani wai ni ce na gama sakandare, in karanta in zaɓa. Gaskiya ban gane komi ba. Wanda na ga lambarshi ta fi yawa kuma shina da 'yar fitila shuɗiya, shi na nuna. Sai yanzu nike jin wai waɗanda anka yi don bango ba su shan wutar soket da kansu, daga wata na'ura ake jawo masu siririyar waya. Nawa kuwa irin na ajiyewa kan tebur ne, kowane da wayar wuta tashi.

Wanda ya yi aikin ƙanen baban maigidana ne, muna ce mashi Baffa, shi ke yi wa rabin unguwarmu wayarin. Ya fasa bango wuri biyu ya cusa su da akwatinsu, ya ja waya ba fayif, ya naɗe mahaɗar da baƙin salatif ya shafe da siminti. To bangon nan ginin ƙasa ne, shafe kawai anka yi mashi, kuma shi rana ke duka tun azahar har ta faɗi. Duk wanda ya san bazarar ƙasarmu ya san abin da nike nufi. Gidanmu can Kwargaba, in zafi ya yi zafi mahaifiyata jiƙa bango takan yi da ƙasan ɗaki kafin mu samu mu kwanta, ni ma da shi na tashi. Sati uku ke nan kullum ina jiƙa bangon nan in maigida ya tafi fadama, kafin shi dawo ya bushe. Bai sani ba, ba kuma ɓoyewa na yi ba, ban ɗauke shi abin faɗi ba ne.

Da na samu na rarrafa na fita, uwar mijina, Inna, ta ji kukana ta katanga ta zo. Anka kira maigida da Baffa. Kafin su iso falon ya bushe sarai. Baffa ya dube ni ya yi dariya, wai shi kullum sai wuta ta ja shi sau uku kafin shi karya kumallo, in sha nono in kwanta. Maigida bai yi dariya ba. Ya ce aikin ne ba shi da kyau, Baffa ya ce kayan ne jabu, a nemi wanda ya zaɓo su. Maigida bai ce ni ce ba. Sai Baffa ya rantse cewa busasshen bango ba shi jan mutum, sai in an jiƙa shi, ya juyo ya tambaye ni ko ruwa ya taɓa wurin. Wallahi ban san lokacin da na girgiza kai ba. Nan maigida ya gaya mashi maganar da ba a gaya wa ƙanen uba, Baffa ya ɗauki jakarshi ya ce ya bar taka gidanmu.

Duk wannan ba shi ne tsorona ba. Tun da wutar ta sake ni abin da ke cikina bai motsa ba. Mai naushina in na sha ruwan sanyi, na sha har kofi uku, shiru. Kuma cikin fari ne, kun san yadda muke, ba ni iya buɗa baki gaban Inna in yi zancenshi, ko maigida da ƙyar nike yi. Inna ta kawo rubutu na sha, tana ta tambayata mi ke yi mani ciwo, ina cewa hannu. Haka na kwana na wuni jiya, hannuna kan ciki, ina roƙon Allah ko sau ɗaya ne.

Maƙwabciyarmu wata ma'aikaciyar asibiti ce 'yar Zuru, Kirista, muna ce mata Sista. Jiya da la'asar ta shigo yi mani sannu, ta dube ni ta dubi inda hannuna yake, ta ce wa Inna ta ɗan ba mu wuri. Ta ce, ƙanwata, yaushe rabon da ki ji shi? Sai na fashe da kuka. Ta yi mani faɗa sosai, ta ce kunyar nan taku wata rana sai ta kashe mutum. Ta ɗauko abin saurarenta ta kanga ga cikina ta daɗe, ta ce kamar tana ji amma ba ta rantsewa, a kai ni Sakkwato a yi sikanin. Ita ta gaya wa maigida da bakinta. Ban taɓa ganin fuskarshi haka ba.

Yau da sassafe munka kama hanya, ni da shi da Sista. Ƙarfe sha ɗaya saura anka kira ni. Likitar ta shafa mani wani abu mai sanyi, tana ta yawo da na'urar tana kallon allo, ni na rufe ido ina salati. Can ta ce, Hajiya buɗe idonki, ga shi nan shina tsotsar hannu, ke da shi duk lafiya lau. Sista ce ta riƙe ni.

Yanzu haka muna kan benci bakin asibitin muna jiran magani, a nan nike rubutu. Maigida don murna ya ce kafin mu koma gida za mu biya shago, a tone waɗancan a sa na ainihi, kuma ni zan sake zaɓa don ya yarda da idona. Shina ta cewa ba shi yafe wa Baffa.

To jama'a, masu sani cikinku, mi ake dubawa a gane sifikar bango ta ƙwarai, kuma ana sa ta cikin ginin ƙasa ko in roƙi maigida shi haƙura? Sannan duk wanda zai yi sabon aikin dole shi san bangon nan ya sha ruwa sati uku, in ba haka ba wuta za ta sake jan wani. In na faɗa, maigida zai gane na yi ƙarya gaban ƙanen ubanshi na bar shi ya zage shi. Ya tafi sayo ruwa, yanzu zai dawo. In gaya mashi tun nan, ko in fara zuwa wurin Baffa?