Idan Ka Ji Na Yi Shiru

Zuwa ga Yayana Sule,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ƙani ga wansa, ina roƙon Allah Ya sa wannan sallama ta same ka cikin sauƙi da yalwar makwanci. Mu nan Balan lafiya lau muke. An yi girbi, gero ya yi kyau, gyaɗa ce dai ba ta zo yadda aka so ba.

Dalilin wannan takarda shi ne, samarin ƙungiyarmu ta jan igiya sun same ni, sun ce in rubuta musu yadda aka fara, za su sa a shafinsu na waya. Da za ka gan su yanzu da ka yi dariya. Riguna iri ɗaya, takalma masu taurin dunduniya, har da mai ɗaukar musu bidiyo. Sau uku ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Tarihin da suke so na san shi, shi nake ba kowa shekara ashirin da ɗoriya. Amma akwai guntun da nake cirewa, kuma 'yarka Hauwa ta tambaye ni shi ido da ido. Shi ya sa na ga gara in rubuto maka kai, su kuma su leƙa su karanta.

Samarin nan ba su san cewa a bakin rijiya muka fara ba. Kai ne mai haƙa da yasar rijiya, daga nan har ƙauyukan Ajingi. Allah Ya yi ka ɗan ƙarami, marar nauyi, daidai shiga rami. Mu takwas ne a kan igiyarka, ƙarti majiya ƙarfi da ba mu da aikin rani. Ni ne na farko, a daidai bakin rijiyar, don ka ce duk jikina kunne ne kawai mai amfani. Bala ne na ƙarshe, wanda muke kira Turke, saboda idan ya kafa ƙafa sai dai a kewaye shi.

Kafin ka sauka kakan ɗaura igiyar a ƙirjinka da hannunka, ba ka yarda wani ya ɗaura maka. Daga nan sai surutu. Yaya, ban taɓa ganin mutum mai surutu a ƙarƙashin ƙasa irinka ba. Ka yi wa laka faɗa, ka yi wa guga faɗa, ka ba mu labarin zabin da suka gagare ka kamu, ka ɗago murya ka ce, "Turke, tuwon jiya ne ya danne ka ko igiyar ce ta yi maka nauyi?" Masu rijiya suna dariya, suna cewa wannan bawan Allah ba ya gajiya.

Mu mun san dalili. A ƙasan tsohuwar rijiya iska takan ɓaci, mutum yana cikin aiki numfashi ya ƙwace masa, ba zai samu bakin neman taimako ba. Don haka dokarka ɗaya ce, kuma kullum sai ka maimaita mini ita kafin kanka ya ɓace: "Hamisu, idan ka ji na yi shiru, kada ka kira ni, kada ka leƙo. Ka ja." Sau biyu muka fito da kai a sanƙame, muka yayyafa maka ruwa ka farfaɗo. Sau da yawa kuma muka fizgo ka lafiyarka ƙalau, don kawai ka tsaya haɗiyar yawu. Ko sau ɗaya ba ka yi mana faɗa a kan haka ba.

Malam Garba na firamare ne ya kawo maganar wasa. Ya tarar da mu ranar da muka fito da bijimin da ya faɗa rijiya, ya tsaya yana kallo baki buɗe. Ya ce ai wannan ƙarfin akwai inda ake gasa da shi, mutum takwas nan, takwas can, igiya ɗaya, jan ƙyalle a tsakiya. Ka dube shi ka ce, "Wato Malam, a yi ta wahala babu ruwa babu laka?" Amma da yamma ta yi, kai ne ka fara zuwa filin makaranta da igiya a kafaɗa.

Karonmu na farko da samarin Ajingi ne, ka tuna? Mun jawo su kamar guga, muna murna, sai alƙalin wasa ya busa usur ya ce mu ne muka faɗi. Ashe a dokar wasan ba a jan igiya hannu bisa hannu yadda ake jan ruwa. Riƙewa ake wuri ɗaya, a kwanta baya, a yi tafiya da ƙafa. Mu kuwa hannunmu bai san wani ja ba sai na rijiya. Muka dawo gida da kunya, Turke yana rantsuwar alƙalin ɗan Ajingi ne.

Rani guda muka yi muna koyon tafiya da baya. Muka rataya buhun yashi a reshen ɗorawar bayan gari, mu ja shi sama, mu sauke a hankali. Tafin hannunmu ya fashe ya warke ya sake fashewa. Mata masu zuwa itace sukan tsaya su yi mana dariya, dattawa kuma suna cewa magidanta sun rasa abin yi. Igiya ma da kanka ka tuƙa mana ita da rama, mai kauri, don ka ce ta rijiya ba abin wasa ba ce, ba za a ja ta a ƙasa ba.

Jikinka bai kai na shiga layi ba, sai ka zama mai ba mu umarni. A nan ne muka gagari kowa. Sauran ƙungiyoyi mai umarninsu yakan daka tsawa ya ce a ja, abokan karawa su ji, su kafe. Kai kuwa sai ka tsaya a hagunmu, hula a karkace, kana ba da labarin zabi. 'Yan kallo suna dariya, waɗancan ma wani lokaci dariyar takan kama su. Kana cikin magana sai ka ɗauke wuta a tsakiyar kalma. Kafin su gane abin da ya faru, mun yi taku uku da su. Ba wanda ya koya mana wannan a fili, jikinmu ne ya riga ya saba. Mun ci Ajingi, mun ci na cikin Gaya, aka fara zuwa kallonmu daga ƙauyuka a kan kekuna.

Duk wannan ina faɗa wa samari, suna jin daɗi. Ga inda nake tsallakewa.

Aka aiko mana da gayyata zuwa gasa a birni, karo na farko. Ni kaina ya fi na kowa kumbura. A makon ne kuma mutanen wani ƙauye gaba da Gafasa suka zo wurinka. Tsakiyar bazara ce, rijiyarsu ɗaya ta cushe, mata da shanu suna tafiya mai nisa neman ruwa. Ka ce musu za ka zo, kuma ranar da ka sa musu ita ce ranar gasar.

Ana gobe tafiya, bayan la'asar, kowa ya watse daga fili, saura ni da kai muna naɗe igiya. Ka ce, "Hamisu, su je su bakwai, su nemi cikon ɗaya a can. Kai ka zauna mini." Na ce doka ba ta yarda da baƙo ba, sunayenmu takwas aka rubuta. Na ce ka ɗaga aikin kwana ɗaya mana, rijiya ba guduwa za ta yi ba. Ka ce, "Na riga na ce musu gobe. Akwai masu goyo a garin." Sai na faɗi maganar da har yau take ci na. Na ce, "Yaya, jan igiya ne fa kawai. Ko ina akwai masu hannu."

Sannan ka ɗora mini naɗin igiyar a kafaɗa, ka gyara mini zamanta, ka ce, "Haka ne. Ku je, Allah Ya ba da sa'a." Wannan ƙarshen kaɗai nake faɗa wa mutane. Kowa a Balan ya san ka sallame mu da addu'a. Ba wanda ya san ka roƙe ni in zauna na ƙi.

A birni Malam Garba ne ya tsaya a wurinka. Ya yi iya ƙoƙarinsa, yana ihu a ja, a ja, mu kuwa kowa jiran wani abu yake da bai zo ba. Ni sai waiwayen hagu nake yi. Ja biyu aka yi mana a zagayen farko, aka fitar da mu. Ko gumin kirki ba mu yi ba. Muka ci abinci a tasha, muka hau bas, Turke yana cewa bari mu je Yaya Sule ya yi mana dariya.

A lokacin waya ba ta zo hannun kowa ba. Da muka sauka, tabarmi na hango a ƙofar gidanmu, da mutane zazzaune. An riga an dawo daga maƙabarta. Ban ga fuskarka ba, ban ɗauki makararka ba, ban sa hannu a ƙasarka ba.

Wani dattijo daga ƙauyen ya riƙe hannuna yana kuka. Ya ce, "Wallahi ɗana, ya faɗa mana. Ya ce in ya yi shiru mu ja. Da ya yi shirun sai muka leƙa, muka kira sunansa, muka sake kira. Muka ce ko hutawa yake." Da suka ja, lokaci ya wuce. Ban taɓa ganin laifinsu ba, Yaya. Duk mai hankali sai ya fara kira tukuna. Mu ma shekaru muka yi kafin hannunmu ya koyi riga tunaninmu.

Na san kwana idan ya ƙare ya ƙare, ko ina bakin rijiyar ko ba na nan. Malamai sun faɗa mini, na kuma yarda har zuciyata. Amma ajalin na Allah ne, ƙin da na yi kuwa nawa ne, kuma shi za a tambaye ni.

Damina biyu ba mu taɓa igiya ba. Ni so na yi a ƙone ta. Turke ne ya hana, ya ce hannunka ne ya tuƙa ta. Da aka dawo wasa sai aka ce ni zan tsaya a hagu. Ban iya labarin zabi ba, nawa surutun ba ya ba kowa dariya, amma shirun yana aiki har gobe. Samarin suna kiransa dabarar Baffa Hamisu. Duk sanda na ɗauke murya na ga mutum takwas sun kwanta baya lokaci guda, sai in tuna bakin rijiya. To ku ji yau, ku masu karantawa: ba dabarata ba ce, kuma ba don wasa aka ƙirƙire ta ba.

Hauwa tana goye ka bar ta. Da mahaifiyarta ta sake aure, a gidana ta tashi, da 'ya'yana ta ci ta sha, ban taɓa bambanta su ba. Yanzu tana aure a Ajingi, tana koyarwa, tana da ɗa namiji mai sunanka. Surutunka ta ɗauko kaf. Idan ta zo gida ba a jin muryar kowa sai tata.

Sati uku da suka wuce ta zo, ta tarar da ni da takarda da biro a zaure. Na ce mata tarihin ƙungiya zan rubuta. Ta zauna tana jijjiga yaron, ta ce, "Baffa, kowa yana cewa Baba ba ya sauka rijiya sai kana bakinta. To ranar ya aka yi bai ce ka zauna ba?" Da wasa-wasa ta yi tambayar, tana murmushi. Na buɗe baki zan ba ta amsar kullum, sai na kasa. Na ce, "Ya ce, Hauwa. Ni ne na ƙi." Na faɗa mata duka, har maganar masu hannu.

Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta gyara goyonta, ta ce, "Sai an jima, Baffa," ta fita. Tun daga ranar ban ji muryarta sosai ba. Yarinyar da take kira na kullum ta cika mini kunne. Na kira ta sau biyu, ta ɗauka, ta gaishe ni da ladabi, daga nan sai numfashinta kawai nake ji har in kashe. Tsoro nake ji, Yaya. Na rasa ka, ina tsoron kada in rasa abin da ka bar mini.

Matata ta ce in ƙyale ta ta huce, in ta shirya da kanta za ta nemo ni. Turke ma haka ya ce, ya tsufa yanzu, gwiwa ta hana shi fita. Na bi shawararsu sati uku, don magana ce ta hankali. Sai yau da hantsi, ina rubuta maka abin da dattijon nan ya faɗa, na ajiye biro. Ashe abin da nake yi ke nan. Ina tsaye a sama, ina kiran suna, ina cewa ko hutawa take.

Gobe in Allah Ya kai mu, bas ɗin farko mai zuwa Ajingi da ni zai tashi. Ban san abin da zan ce mata ba. Idan ta bar ni a ƙofar gida zan zauna a ƙofar gida, idan ta rufe in dawo jibi. Ka riga ka faɗa mini abin da ake yi idan na ciki ya yi shiru, sau ɗari ka faɗa mini. Wannan karon ina bakin rijiyar.

Allah Ya jiƙanka, Yaya. Allah Ya yalwata maka kabarinka, Ya sanyaya shi kamar yadda ka sanyaya maƙogwaron mutanen da ba su san sunanka ba. Allah Ya sa kowane guga da aka ja a rijiyoyin da ka haƙa ya zama haske a gare ka. Allah Ya jiƙan dattijon nan da mutanensa, Ya cire musu nauyin da ba nasu ba. Ni kuma ka yafe mini, in ana yafiya daga inda kake. Allah Ya sassauta zuciyar Hauwa, Ya raya takwaranka, Ya haɗa mu a inda ba a rabuwa. Amin.

Wassalam.

Ƙaninka, na farko a kan igiya,
Hamisu