Kujerata a Layin Baya

Litinin, 7 ga Mayu, 1883
Takarda ta zo. Duk mai son zuwa babban bikin waƙa na Landan sai an gwada muryarsa, shi kaɗai, a gaban fiyano. Bikin da nake zuwa tun na farko, shekara ashirin da shida. Ba a taɓa gwada ni ba.

Alhamis, 10 ga Mayu
Na je. Mista Sugden, shugaban mawaƙanmu, ya ba ni layi huɗu na waƙa in rera. A na uku numfashi ya ƙare mini. Ya daɗe yana kallon hannunsa, sannan ya ce, "Baba Enoch, kujerarka tana nan. Ka tashi in an tashi, ka buɗe baki, amma kada ka fitar da murya."
Na ɗauki hulata na fito.

Lahadi, 20 ga Mayu
Jabez, maƙwabcina a layin masu kaurin murya, ya leƙo bayan coci. "Kai tsoho, mutum dubu uku ne, wa zai ji ka? Ni da nake kusa da kai ma na daɗe da daina jin ka." Har da dariyarsa.
Zan je. Kuma zan rera.

Laraba, 30 ga Mayu
Tari. Ban yi magana da kowa ba yau.

Juma'a, 15 ga Yuni
Landan, ranar gwajin haɗa murya. Hawa matakalar dandalin mawaƙa sai da na tsaya sau uku. Na rera abina. A wajen da ake ɗauke murya gaba ɗaya, murya guda ta rage a iska, tana rawa. Tawa ce. Ba wanda ya waiwayo, Jabez ma takardarsa ya ƙura wa ido. Da ma ya zage ni.

Litinin, 18 ga Yuni
Ranar biki. Jagoran waƙa ya ɗaga sandarsa, muka tashi. Na ja numfashi, na buɗe baki, sai na bar shi haka, ba murya.
Ashe mata daga can hagu suke shigowa, a hankali, kafin mu. Ashe akwai sarewa a ƙarƙashinmu. Duk shekarun nan kaina kawai nake ji, da Jabez.
Da aka gama Jabez ya ce, "Yau ka yi kyau, tsoho." Na ce ya rufe mini baki.
Laraba akwai zama na biyu. Ƙafa tana ciwo, amma na ba da farar rigata a goge.