Inda ruwa ya kwanta, Inna

Assalamu alaikum Inna. Gaisuwar ɗanki ce daga Doha, da fatan Allah Ya ƙara haskaka makwancinki.

Tun da ƙanenki ya nutse a rafin garinmu kika sa na yi alkawarin ba ni ba ruwa. Kullum cewa kike, "Ruwa ba shi da reshen kamawa." Na riƙe. Shekarata arba'in da bakwai, ko wanka a baho ban cika so ba.

To ga 'yata, takwararki Ummi, mai shekara sha biyar, ta rasa wasan da za ta so sai hawa igiyar teku a kan allo. Tekun nan yawanci kwance yake, amma ranar da iskar arewa ta taso, wadda suke kira shamal, sai igiyoyi su miƙe kusa da wani dogon layin duwatsu da aka jera cikin ruwa.

Juma'ar da ta wuce na kai ta. Na ga kumfa na tashi a tsakiya, gefen duwatsun kuwa luf, ko motsi babu. Na hana ta jiran malamar da ke koya musu, na ce nan za ta shiga ko mu koma gida. Ta buɗe baki, na daka mata tsawa.

Inna, ashe ta nan ne duk ruwan da ya bugi gaɓa yake komawa teku da ƙarfi. Shi ya sa yake kwance. Abin da take son gaya mini ke nan.

Ta shiga, ina kallo ruwan ya ja ta. Na bi kan duwatsun da gudu ina kiran ta da sunanki na yanka, wanda ban taɓa furtawa ba. Na kai ƙarshensu na tsaya, don ban iya komai ba. Ita ce ta kwanta kan allon, ta yi gefe kamar yadda aka koya mata, har igiyoyin da nake tsoro suka dawo mini da ita.

Garin neman gira na kusa rasa ido.

An ce jibi iskar za ta dawo, kuma ta riga ta jingine allonta a bakin ƙofa. Tsoro nake ji, Innata, ƙwarai. Amma na fi tsoron in sake tsayawa kan dutse ina kallo.

Gobe zan fara koyon iyo. Ki yafe mini alkawarin nan.

Allah Ya jiƙanki, Ya tsare mana takwararki.

Ɗanki mai karya alkawari,
Habibu