Ban Ƙifta Ido Ba

Arusha, 9 ga Maris, 1964

Yayana Lala Shernawaz,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Inna? Ƙanƙara ta saki hanyar Chitral kuwa? Ni lafiya lau, hannun ya warke, yatsa ɗaya ne kawai babu.

Wasiƙarka ta rasuwar matata Nazuk a asibiti ta same ni. Na karanta, na ninke. Allah ya ji ƙanta.

Jiya na koma shagon bindigogi na Sardar Harbans, inda bindiga ta fashe mini a hannu. Ya miƙo mini wata bindiga mai baki biyu, ya ce, "Kai ɗan kan dutse, in ka ƙifta ido, sai ka nemi aikin wanke-wanke." Ashe bai sa harsashi a baki ɗaya ba, don ya ga ko zan zabura. Na ja kunamar bindigar, ƙas, babu harsashi! Ban motsa ba. Harbi na biyu ya huda tsakiyar takardar da aka kafa don gwaji.

Ya rungume ni, wai jarumi. Ya mayar mini da aikina na gwajin bindigogi.

Lala, ba jarumta ba ce. Tun ranar wasiƙarka babu abin da ke firgita ni, babu kuma mai faranta mini.

Kada Inna ta ji zancen yatsa. Ka yayyafa wa kabarin Nazuk ruwa a madadina.

Ƙanenka,
Gulzaman