Itacen Shamsiyya a Bakin Magudana

Lahadi, 8 ga Yuni, 2025

Shamsiyya ta zo Sallah daga kudu, ta yi baƙi ta rame. Bautar ƙasarta ta kusa ƙarewa, amma wai tana son ta zauna can bakin teku ta ci gaba da dashen itatuwa cikin taɓo. Ɗiyata guda tilo, cikin taɓo har gwiwa. Ta ce itatuwan ke hana teku cin garin, kifi ma a saiwarsu yake ƙwai. Na ce wannan damuwar mutanen can ce. Sai ta miƙo min wani abu dogo kamar ɗan zogale, wai irin itacen ne. Na cillar da shi magudanar da nake alwala.

Laraba, 11 ga Yuni

Ta koma. Ban raka ta tasha ba. Sadiyatu, uwarta, ta wuni tana fushi da ni.

Asabar, 28 ga Yuni

Ta bugo wa uwarta tana kuka. Masu saran itace don banda kifi sun tumɓuke dashen da suka yi, har da zare musu adda. Raina ya ɓaci, tsoro kuma ya kama ni. Na karɓe wayar na ce ranar da ta gama bautar ƙasa, ranar za ta kamo hanyar Sakkwato.

"To, Baba," kawai ta ce. Da gardama ta yi min da ya fi sauƙi.

Talata, 15 ga Yuli

Abin nan da na cillar ya kafe a laka ya fid da ganye biyu. Ikon Allah, a nan unguwarmu ta Ƙofar Rini. Akuyar maƙwabcina Arzika ta kai masa baki, na kore ta har waje ba takalmi. Na tuna ta ce a ruwan gishiri yake girma, na barbaɗa masa na miya.

Juma'a, 1 ga Agusta

Ganye ɗaya ya ƙone. Ashe na cika hannu. Sadiyatu ta tarar da ni tsugune kansa, ta ce, "Malam, mai guda ɗaya ke nan. Ina ga mai dubu?"

Na kira Shamsiyya, don dai in tambayi batun gishirin. Ta yi dariya har da tari, ta ce in daina. Daga nan ta tambaya wace rana za ta taho.

Na ce ta fara mai da waɗanda aka tumɓuke tukuna.