Kwalliyar Shafin Matan Ƙauyen Turawa

Turawa, Karaye
Lahadi

Zuwa ga 'yata Rabi'atu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da jaririya da maigidanki Mu'az da mutanen Rogo baki ɗaya. Yaya ruwan zafi? Kada ki yi wasa da kunun kanwa. Mu nan sai godiya. An cire gyaɗa, ta yi kyau bana, tsakar gida ba wurin taka ƙafa.

Na rubuto ne don in na kira ki a waya maganar ba ta fita. Shafin intanet ɗin da 'yar cikina, ƙawarki, ta yi wa ƙungiyarmu ta masu man gyaɗa kafin rasuwarta, shi ne ya lalace. Rubutu yana nan, hotuna suna nan, amma koren nan da ruwan ƙasa da ta zaɓa sun tafi. Komai ya taru gefe guda, hoton kwalba ɗaya ya cika waya. Kamar ɗakin da aka kwashe wa jere.

Shugabarmu Hajiya Zaituna ta ce masu saye daga Kano sun fara tambaya ko na 'yan damfara ne. Ta sami Ashiru mai shagon kwamfuta a Karaye, ya ce shi sai dai ya share ya gina sabo. A taron ƙarshen wata za a yanke shawara. Ban ga laifinta ba, nauyin mata ne a kanta. Amma an raba kayan sawarta, an ba da littattafanta, wannan kaɗai ya rage da aikin hannunta a ciki.

Tare kuka yi karatun kwamfutar nan. Na san mai jego ba ta tafiya, ki duba daga nan inda kike.

Mamanki,
Kande

Turawa
Alhamis

'Yata Rabi'atu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da jiki, ina gaida jaririya. Direban motar Rogo ya kawo amsarki, Allah ya yi miki albarka.

Mun bi abin da kika ce, ni da Barira sakatariya, don kwamfutar ƙungiya tana hannunta. Mun buɗe a wayoyi daban-daban, duk ɗaya. Mun je Karaye inda sabis yake da ƙarfi, duk ɗaya. Na gane bayaninki cewa rubutu fayil ɗinsa daban, kwalliya nata daban, kuma shafin kiran kwalliyar yake yi daga inda aka ajiye ta. Barira ta danna wurin da kika nuna, jan rubutu ya fito. Ta ce ma'anarsa an kira fayil ɗin ba a same shi ba.

Kin tambaya ko an taɓa wani abu. Da fari Barira ta rantse ba ta taɓa ba, sai da muna sussukar gyaɗa ta tuna. Bayan sadakar arba'in ƙungiya ta ce duk inda sunan yarinyar yake a shafin a sa Marigayiya a gabansa. Barira ba ta aiki rabi da rabi. Ta gyara na ƙarƙashin hotuna, ta shiga ciki ta ga wata folda, wato ma'ajiyar fayiloli, mai sunan yarinyar, ita ma ta ƙara mata. A kwamfutarta shafin ya ci gaba da fitowa lafiya na ɗan lokaci, shi ya sa ba wanda ya haɗa wannan da wancan.

Yanzu tana ta kuka wai ita ta ɓata. Na ce ta share hawayenta, girmamawa ta yi. Ko wannan ne dalilin?

Mamanki,
Kande

Turawa
Talata

'Yata Rabi'atu,

Assalamu alaikum. Da fatan kun tashi lafiya. Ga ƙuli da kwalbar mai nan wurin direba, na sabuwar gyaɗa ne.

Kin ce dalilin ke nan, a foldar nan kwalliyar take. Kin ce hanya biyu ce, kuma ni zan zaɓa. Ko a canza layin da marigayiya ta rubuta a shafin ya riƙa kiran sabon sunan foldar, ko a mayar wa foldar sunanta na da. Hajiya Zaituna ta fi son ta farko, ta ce ba a cire wa mamaci addu'a. Na ce addu'a tana bakinmu safe da yamma, na ƙarƙashin hotuna ma a bar shi. Amma layin nan hannunta ne ya rubuta, ba na so a taɓa.

Barira ta goge kalmar daga sunan foldar, muka sake buɗewa. Kore ya dawo, kwalabe suka jeru. Hajiya ta karɓi wayar ta daɗe tana kallo, sannan ta ce a gaya wa Ashiru an gode, an fasa.

Kin san ƙawarki ita ce 'yar farina, ban taɓa kama sunanta ba har ta koma ga Allah. Barira ta ce duk wanda ya buɗe shafin, a Kano yake ko a Rogo, sai shafin ya kira foldar da sunan nan kafin kwalliyar ta fito. To ni ma na koyi buɗewa da kaina. Ina buɗewa bayan na idar da sallar asuba, ya kira ta, ta amsa, sannan in hura wuta.

Ki shafa min kan jaririya. Allah ya raya ta.

Mamanki,
Kande