Saƙar Sanyi a Tsakiyar Zafin Riyad

Unguwar Ofisoshin Jakadanci
5 ga Shawwal, 1437

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Baban Kamila.

Ka yi mini afuwa da na ɗora maka karatun takarda a kan gajiyar tuƙi. Da da wata hanya, da ban dame ka ba. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kumburin ƙafar nan ya sauka, kuma mutanen gidan aikinka na unguwar Nasim suna barinka ka ɗan kishingiɗa da azahar. Ni lafiya lau, alhamdu lillahi.

Wayata tana hannun Madam, uwar ɗakina, tun kashegarin Sallah, ta ce za a sake mini layi. Shi ya sa na ba Issoufou wannan, direban gidan nan, mutumin Damagaram, tunda yana bi ta wajenku in ya je cefane.

Juma'ar nan ba zan samu fitowa ba, an ba ni aiki. Madam ta ga hular da na saƙa wa ɗan Kamila, sai ta sa aka aiko da zare daga waje, dunƙule ashirin da huɗu. Ban taɓa ganin irinsa ba. Kaurinsa ya kai babban yatsana, ga taushi kamar kunnen ɗan akuya. Gashin wata dabba ce wai alfaka. Ta nuna mini hotonta, kamar raƙumi ya haifi tunkiya. Sai da na tambaya ko da ranta ake aske ta, don gashin yana manne mini a zanen salla. Ta yi dariya ta ce da ranta, hankalina ya kwanta.

Tsinkayen na katako ne, kowanne kamar ƙaramar muciya. Hular da nakan kwana uku a kanta da zarenmu na kasuwa, da wannan tsakanin azahar da la'asar na gama ta. Abin da ya ɗaure mini kai, Malam, waje wuta ake, ko ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa. Me za a yi da hular sanyi yanzu?

Ka gaishe mini da abokinka Musbahu da iyalinsa.

Matarka,
Jamilatu

12 ga Shawwal

Assalamu alaikum, Baban Kamila.

Ina gaishe ka, ina tambayar jikinka da aiki. Issoufou ya ce da ka karanta dariya ka yi, ka ce in zaren ya ragu in saƙa maka taka. Na ji daɗi da ka yi dariya. Ni dai ta ƙi zuwa mini.

Gidan nan yana ta zama wayam. An sauke hotunan bango, an naɗe dardumar falo, kwalaye sun kai rabin tagar ɗakin yara. An mayar da Maigida, mijin Madam, aiki ƙasarsu, inda ƙanƙara ke rufe ƙofa. Ashe sanyin da nake saƙa wa ke nan. Na gama hulunan yaran biyu da mayafan wuyansu, na gama rigar Maigida, yanzu bargo nake.

Akwai abin da ya kamata in faɗa maka, ka yi haƙuri da ban faɗa tun ranar ba. Ranar Laraba Madam ta zo ta zauna kusa da ni a ƙasa, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta riƙe hannuna, da ɗan guntun Larabcinta ta ce yaran ba sa cin abinci sai daga hannuna, ta ce ko zan so in ga ƙasarsu. Ka san yadda aka raine mu, babba ba ya riƙe hannunka yana roƙo ka dubi idonsa ka ce a'a. Na sunkuyar da kai, na yi shiru. A gida kowa ya san ma'anar wannan shirun a'a ce. Ita kuwa sai ta rungume ni har da hawaye.

Kashegari ta kawo takarda da Turanci ta nuna mini inda zan dangwala. Duk shekara haka nake yi in za a sabunta iƙama, wato takardar izinin zama, sai na dangwala. Bayan ta fita na tuna iƙamata sai Muharram za ta ƙare.

Wataƙila ni ce ke munana zato, Allah Ya yafe mini. Shekara huɗu matar nan ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Amma kullum tana leƙowa ta ƙirga dunƙulen, ta ce yalla, kwalin saƙa ne na ƙarshe da za a rufe. Saura tara.

Wassalam,
Jamilatu

15 ga Shawwal

Assalamu alaikum, Malam.

Da fatan ka tashi lafiya. Saƙonka ya iso, wai in yi haƙuri, ba a fitar da mutum daga ƙasa bai sani ba. Ina jin maganarka, amma ka saurare ni.

Jiya da na gama bargon, Madam ta ce sauran zaren mayafi za a yi. Ta ɗauko ma'auni ta ce in miƙe. Na zaci da ni za ta gwada na mahaifiyarta, tunda jikinmu ɗaya. Ta auna kafaɗata, ta auna har gwiwa, sannan ta ce in ƙara masa faɗi yadda zai hau kan hijabi. Mahaifiyarta ba ta sa hijabi, Malam.

Na tsare Issoufou a bakin garejin, na ce ya dubi Allah ya faɗa mini. Ya daɗe yana goge gilashin da ba datti. Daga baya ya ce shi ya kai fasfona ofishin Maigida makon jiya, shi kuma ya dawo da shi da sabon hatimi a ciki. Ya ce kujera biyar aka kama a jirgin daren Asabar. Su huɗu ne a gidan.

Sau biyu na tsaya gabanta da niyyar magana. Ta dube ni da fara'a, ta nuna mini takalman sanyin da ta saya mini, sai na koma kan saƙata. Larabcinta ba ya kaiwa, ni ba Turanci, kuma ga yatsana a kan takardarsu.

Zuciya ta raya mini in ja aikin, ko in warware kaɗan in ba kowa. Na yi istigifari. Zaren amana ne a hannuna, ba zan ci albashi da ha'inci ba. Ko na so ma, irin wannan zaren ba ya jinkiri, layi goma ka ga kamu guda. Yanzu haka mayafin ya rufe mini cinya, yana da nauyi, mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, na busawa amma zufa nake. Dunƙule biyu suka rage.

Shekara ashirin da shida muna tare. Don kada mu rabu na biyo ka nan, na yarda da ganin Juma'a zuwa Juma'a. Ba zan iya wannan ba. Abin da bakina ya kasa faɗa, kai ne mai hakkin faɗarsa.

Ka roƙi kafilinka, ubangidanka, ya ba ka hutu jibi Juma'a. Ka zo da takardar aurenmu, ka zo da Musbahu tunda yana jin Turanci. Masu gadin bawwaba, wato babbar ƙofa, ba za su bar ku ku shiga unguwar ba sai da suna a hannunsu. Issoufou ya yarda zai ba da naku, ko da zai sha faɗa, amma gobe kafin azahar ake rufe karɓa.

Don Allah kada ka aiko da saƙon baki wannan karon. Ka juya takardar nan ka rubuta a bayanta ko za ka zo. Issoufou zai tsaya a ƙofarku, ya ce ba zai kashe mota ba. Ka ba ni amsa yau.

Matarka,
Jamilatu